Leland Stanford: lauya, gwamna, ko ɗan kwangilar kansa?

Tambaya: Malam, na ji an ce mutumin da ya kafa Jami'ar Stanford ta Amurka lauya ne, ya yi gwamna, ya yi sanata, kuma shi ne shugaban wani kamfanin jirgin ƙasa. Yaya mutum ɗaya ya haɗa duk waɗannan? Dukiyar da ya gina jami'a da ita kuma, guminsa ce ko ta gwamnati ce?

Amsa: Ɗan'uwa, yadda ka jero muƙaman nan, mai karatu zai ɗauka bi da bi ya riƙe su, ya sauka daga wannan ya hau wancan. Ba haka aka yi ba. Lauyancin ɗan gajeren zango ne da bai kai shi ko'ina ba. Gwamna da shugabancin kamfani kuwa a shekara guda ya same su, tare ya riƙe su, kamar yadda daga baya ya haɗa kujerar sanata da ta kamfanin. Amsar tambayarka ta biyu tana cikin wannan haɗin, don haka a nan zan fi daɗewa.

An haifi Amasa Leland Stanford ranar 9 ga Maris 1824 a Watervliet, kusa da Albany a jihar Niyok. Mahaifinsa manomi ne mai masaukin baƙi, yana kuma taɓa kwangilar hanya. A wancan zamani ba sai ka je jami'a kake zama lauya ba. Za ka zauna a ofishin wani babban lauya kana kwafe masa takardu, kana karanta littattafansa, in ka ƙosa a gwada ka a ba ka izini. Haka ya yi a Albany, ya sami izini a 1848, ya tafi wani ƙaramin gari mai suna Port Washington a jihar Wiskonsin ya buɗe ofis. Shekara huɗu ya yi a can, babu wata shari'a da ake tuna shi da ita. A 1852 gobara ta cinye ofishin da littattafan shari'arsa, bai kuma sake komawa aikin ba har ya mutu. Abin da lauyancin ya bar masa shi ne sanin yadda ake rubuta doka, da sanin amfanin alƙali.

A shekarar ya bi 'yan'uwansa maza zuwa Kalifoniya, inda aka gano zinariya tun 1848. Bai ɗauki diga ba. Kanti ya buɗe a wani sansanin masu haƙa, Michigan Bluff, yana sayar musu da gari da takalma da shebur, don kuwa masu kantin sun fi yawancin masu haƙar samu. A 1856 ya zauna a Sakramento da matarsa Jane Lathrop, wadda ya aura a 1850, yana sarin kayan masarufi. A nan ya san mutum uku da sunansa ba zai sake rabuwa da nasu ba: Collis Huntington da Mark Hopkins masu kantin kayan ƙarfe, da Charles Crocker mai kantin yadi. Su huɗun suna cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Republican a jihar, jam'iyyar da ke adawa da faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankunan yamma, wadda a lokacin ba ta da jama'a a Kalifoniya. Stanford ya nemi ma'ajin jiha a 1857 ya faɗi, ya nemi gwamna a 1859 ya faɗi.

Ana cikin haka wani injiniya, Theodore Judah, ya zo da zancen da ake yi wa dariya. Tsakanin Kalifoniya da sauran Amurka akwai duwatsun Sierra Nevada, waɗanda dusar ƙanƙara ke toshe mashigarsu wata da watanni. Mai son zuwa gabas ko dai ya share watanni a keken shanu, ko ya zagaye Kudancin Amurka a jirgin ruwa, ko ya ratsa Panama ya yi kasada da zazzaɓin shawara. Judah ya auna duwatsun ya gano inda layin dogo zai iya hawa, ta mashigar Donner. Attajiran San Faransisko suka ƙi sauraronsa, masu kantunan Sakramento suka saurare shi a saman benen kantin Huntington da Hopkins. A watan Yuni 1861 aka kafa kamfanin Central Pacific. Kowannensu ya yi rajistar hannun jari 150 a kan dala 100 kowane ɗaya, amma kashi 10 cikin 100 kawai aka ajiye. Da dala 1,500 kowa ya shiga.

Aka raba aiki. Huntington, wanda shi ne mai kan a cikinsu, ya tare a Niyok da Washinton yana neman bashi, yana sayen ƙarafa, yana shafa 'yan majalisa. Hopkins ya riƙe littattafan kuɗi. Crocker ya tafi daji da leburori. Stanford, mutum mai jiki, mai nauyin baki, wanda ke son a girmama shi, aka ba shi shugabanci, saboda shi ne ɗan takarar gwamna. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Afrilu, 'yan Democrat na jihar suka dare gida biyu, a watan Satumba ya ci zaɓe. Ranar 10 ga Janairu 1862 da aka rantsar da shi, ambaliya ta cinye Sakramento, a kwale-kwale aka kai shi wurin rantsuwar.

Ranar 1 ga Yuli 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar gina layin dogo zuwa tekun Pasifik. Ana tsakiyar yaƙi, gwamnati na son ɗaure Kalifoniya da zinariyarta a jikin tarayya, don haka ta buɗe hannu. Central Pacific zai taso daga Sakramento ya nufi gabas, wani kamfanin kuma, Union Pacific, ya taso daga bakin kogin Missouri ya nufi yamma. Duk mil ɗaya da kamfani ya shimfiɗa, za a ba shi kyautar fili eka 6,400 a gefen layin, a 1864 aka ninka zuwa 12,800. Ban da fili akwai rance na takardun lamunin gwamnati na shekara 30: dala 16,000 a kan kowane mil a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, 48,000 a cikin duwatsu, 32,000 a tudun da ke tsakanin manyan duwatsun gabas da na yamma. Kamfani ya karɓi takardun ya sayar a kasuwa ya sami tsaba. Gyaran 1864 ya ƙara wata garaɓasa: kamfani na iya fitar da nasa takardun bashi daidai da na gwamnati, in kuma abu ya lalace masu riƙe da su za a fara biya, gwamnati ta jira a baya.

Yanzu dubi abin da gwamna ya yi wa shugaban kamfani. A 1863 majalisar jihar ta zartar da dokokin da suka ba gundumomin Placer da Sakramento da San Faransisko damar sayen hannun jarin Central Pacific da bashin da masu biyan haraji za su ɗauka, dala 250,000 da 300,000 da 600,000, shi kuma ya sa hannu. Da aka zo ƙuri'ar jin ra'ayi a San Faransisko, shaidu sun ce sun ga ɗan'uwansa Philip Stanford yana bin rumfunan zaɓe a keken doki yana watsa tsabar zinariya. Da kujera ta faɗi a kotun ƙolin jihar, sai ya naɗa Edwin Crocker, yayan Charles, wanda shi ne lauyan kamfanin, bai kuma ajiye aikin kamfanin ba. Stanford na cikin waɗanda suka sa baki Lincoln ya ɗauki Stephen Field, wani alƙalin Kalifoniya, zuwa Kotun Ƙolin Amurka a wannan shekara. Ranar 8 ga Janairu 1863 da aka yi bikin fara aiki, gwamnan jiha ne ya tona shebur ɗin farko, shi ne kuma shugaban kamfanin da ya gayyaci gwamnan. Ya yi uwa ya yi makarɓiya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne zancen gindin dutse. Tunda kuɗin dutse ya ninka na fili sau uku, to a ina dutse ya fara? Doka ta bar wa shugaban ƙasa ya yanke. Masanin ƙasa na jihar, Josiah Whitney, wanda ofishinsa ke cin abinci daga kasafin jihar da Stanford ke mulki, ya ba da ra'ayi cewa gindin Sierra Nevada yana wani rafi, Arcade Creek, kimanin mil 7 daga Sakramento, wai daga nan ƙasa ta fara ɗagawa. Wanda ya tsaya a wurin fili fetal zai gani, duwatsun sai hange. Lincoln ya amince. Kamfani ya ci kuɗin dutse a kan mil da yawa na ƙasar noma, ribar da aka ƙiyasta kusan dala rabin miliyan, ta kuma zo a daidai lokacin da aljihunsu ya bushe. Judah bai so wannan ba, bai kuma so ba Crocker kwangila ba. Ya tafi gabas neman masu kuɗin da za su saye su huɗun, shawara ta kama shi a Panama, ya mutu a watan Nuwamba 1863 yana da shekara 37.

Kada ka auna wannan da dokokin yau kai tsaye. A lokacin babu dokar da ta hana gwamna riƙe kamfani, a fili ake yi, kuma mutanen Kalifoniya da gaske suke son jirgin. Da yawa ma sun zaɓe shi ne saboda shi ne mai kamfanin. Sauran mulkinsa bai da yawa: shekara biyu ce, ya tsaya tare da tarayya a yaƙi, ya rage bashin jiha, a zamaninsa kuma jihar ta ci gaba da tara dakarun sa-kai suna farautar 'yan asalin ƙasar a arewacinta, abin da masu yabonsa ba su cika ambata ba.

Ga inda kuɗin yake. Mutane na ɗauka tikiti da dakon kaya ne suka azurta su. Gini ne ya fara azurta su. Central Pacific bai gina layinsa da kansa ba, kwangila ya bayar. Da farko ya ba kamfanin Charles Crocker, daga 1867 kuma ya ba wani kamfani mai suna Contract and Finance, wanda masu shi su ne su huɗun da Edwin Crocker. Sai su zauna a matsayin daraktocin jirgi su yanke abin da za a biya ɗan kwangila, su zagayo su karɓa a matsayin ɗan kwangilar. Tuwona maina. A tsallaken Nevada da Yuta farashin dala 86,000 ne a kan kowane mil, rabi tsaba rabi hannun jari. Mafi yawan wurin hamada ce shimfiɗaɗɗiya, tsabar kaɗai ta isa aikin, hannun jarin ya zama kyauta. Da aka gama, kamfanin jirgin ya tashi da bashi ya yi masa katutu, kamfanin kwangila ya tashi da riba da kusan duka mallakar layin. Masu Union Pacific ma haka suka yi da nasu kamfanin, Crédit Mobilier, asirinsu ya tonu a 1872 da aka gano sun rarraba wa 'yan majalisa hannun jari. Da aka waiwayi na Kalifoniya aka nemi littattafan Contract and Finance, sai aka ce babu su. Hopkins ne ke riƙe da su, ya mutu a 1878, ba a kuma sake ganinsu ba.

In za a yi musu adalci, shekarun farko sun sha wuya. Doka ta ce sai an gama mil 40 kafin a ga kuɗin tarayya, daga baya aka rage zuwa 20. Kowane ƙarfe da kowane kan jirgi daga gabas ake yo dakonsa ta teku a farashin lokacin yaƙi. Bankuna sun gudu, su huɗun suka jingina sunansu da kantunansu, da aikin ya karye da sun tsiyace. To in ka matsa mini in ba ka amsa a dunƙule, jarin na jama'a ne, kasadar farko tasu ce, ribar kuma su suka yanka wa kansu babu mai duba hannunsu. Ka ce guminsa, to akwai guminsa a ciki, sai dai akwai waɗanda nasu ya fi yawa.

Leburori su ne ciwon kan Crocker. Bature in an ɗauke shi aiki sai ya hau jirgin kamfani kyauta zuwa ƙarshen layi, ya sauka ya zarce ramukan azurfa na Nevada. A farkon 1865 aka gwada Sinawa 50, duk da shugaban aikin James Strobridge na cewa ba su da jikin aikin. Kafin a jima sun haura 10,000, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ma'aikatan kamfanin, yawancinsu daga lardin Guangdong. A jawabinsa na rantsuwa a 1862 Stanford ya kira su ƙasƙantaccen jinsi, ya ce a bi duk halattacciyar hanya a hana su zama a jihar. A 1865 shi ɗin ne ya rubuta wa Shugaba Andrew Johnson yana yabonsu da haƙuri da ƙwazo da tattali, yana cewa ba don su ba, ba za a gama aikin a kan lokaci ba. Ba ra'ayinsa ne ya sauya ba, buƙatarsa ce.

Su ne suka huda duwatsun wuri 15. Ramin da ya fi tsawo, na ƙololuwar mashigar Donner, ƙafa 1,659 ne cikin dutse mai tauri. Mutum ɗaya ya riƙe kurfi yana juya shi, biyu suna dukansa da guduma bi da bi, in rami ya yi zurfi a ɗura albarushi a kunna a gudu. Ana aiki dare da rana ta fuska huɗu, don sun haƙa rijiya daga sama sun shiga tsakiya, amma sau da yawa ƙafa ɗaya ko biyu ake ci a yini. A hunturun 1866 zuwa 1867 dusar ƙanƙara ta binne sansanoninsu, suka riƙa bin ramuka a ƙarƙashinta daga bukka zuwa wurin aiki. Wani lokaci ta zamo daga saman dutse ta share bukkoki da mutanen ciki, sai ta narke a ga gawarwaki. Kamfani bai ajiye lissafin matattu ba. Albashinsu ya fara daga dala 26 a wata ya kai 35, su ciyar da kansu, alhali Bature ana ba shi abinci da makwanci a kan nasa. A watan Yuni 1867 dubbansu suka ajiye kayan aiki suna neman dala 40 da rage awanni, ba hayaniya, ba fashe-fashe, suka zauna a sansani kawai. Crocker ya tare hanyar kai musu abinci. Bayan kimanin mako guda yunwa ta mayar da su. Ranar 28 ga Afrilu 1869 su da wasu 'yan Ailan takwas masu ɗaukar ƙarfe suka shimfiɗa mil 10 a yini ɗaya. An rubuta sunayen takwas ɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 10 ga Mayu 1869 layukan biyu suka haɗu a Promontory cikin Yuta, Central Pacific ya yi mil 690, Union Pacific 1,086. Stanford ne ya ɗaga gudumar buga ƙusa ta ƙarshe, ana ma ba da labarin ya kai duka ya kuskure, amma mai tangarahu ya aika wa ƙasa cewa an gama. Tafiyar watanni ta koma ta mako guda.

Sai dai cinikin da aka yi mafarki bai zo ba. A wannan shekara aka buɗe mashigin Suwez, kayan Asiya da ake sa ran za su ratsa Amurka zuwa Turai suka bi can. Yammacin ƙasar kuma ba jama'a. Sai su huɗun suka juya suka kama maƙogwaron Kalifoniya. Suka mallaki kamfanin Southern Pacific, da bakin ruwan Oakland, da jiragen fito, da jiragen kogi, duk wani ƙaramin layi da ya ɗaga kai su saye shi. Gari in ya ƙi ba da tallafi, layi ya kauce masa a kafa sabon gari a gefe. Los Anjeles ta biya kimanin dala 600,000 kafin jirgi ya iso ta a 1876. Manomin alkama ba shi da wata hanyar kai kayansa bakin teku, don haka kuɗin dako ba ya bin nisan tafiya, yana bin iyakar abin da mai kaya zai iya biya bai mutu ba. Masu zanen barkwanci suka riƙa zana kamfanin a siffar dabbar nan ta teku mai hannaye takwas, kowane hannu ya shaƙe wani.

A Mussel Slough, cikin kwarin San Joaquin, abin ya kai ga jini. Kamfani ya raba takardu yana gayyatar mutane su zauna a filayen da gwamnati ta ba shi, a kan cewa za a sayar musu daga dala 2.50 zuwa sama kowace eka, ba tare da lissafa gyaran da suka yi ba. Suka zo suka haƙa magudanan ban-ruwa, busasshiyar ƙasa ta zama gona. Da aka zo sayarwa sai farashi ya ninka sau da yawa. Kamfani ya ce ai an rubuta "zuwa sama". A cikin manoman ma akwai masu fatan kotu ta ƙwace filin daga kamfani su same shi a arha, ba duka ne bayin Allah ba. Alƙalin tarayya Lorenzo Sawyer ya ba kamfani gaskiya. Ranar 11 ga Mayu 1880 jami'in kotu ya zo fitar da mutane tare da waɗanda suka sayi filayen, aka buɗe wuta, mutum 7 suka mutu, biyar manoma ne. Waɗanda aka ɗaure bayan nan ma manoma ne. Da Stanford ya kafa jami'arsa, Sawyer ne shugaban kwamitin amintattunta na farko, Field kuma mamba.

Wata shari'ar kamfanin ta fi wannan nisan tasiri. Sabon tsarin mulkin Kalifoniya na 1879 ya tsananta wa kamfanonin jirgi haraji, suka ƙi biya. A shari'ar gundumar Santa Clara da Southern Pacific a 1886, Alƙalin Alƙalai Morrison Waite ya ce kotu ba ta buƙatar jin muhawara a kan ko gyara na 14 na tsarin mulki ya shafi kamfanoni, duk alƙalan sun yarda ya shafe su. Maganar ba ta cikin hukuncin kansa, mai rubuta rahoton kotu ne ya sa ta a gabatarwa, amma daga nan aka riƙa kafa hujja da ita. Gyaran nan an yi shi ne a 1868 don kare bayin da aka 'yanta.

Sanata kuwa, a lokacin majalisar jiha ce ke zaɓensa, ba talakawa ba, sai a 1913 aka sauya. Ga wanda kamfaninsa ke da rabin majalisar a aljihu abin bai yi wuya ba. Ya shiga a 1885, ya ture Aaron Sargent, abokin Huntington da aka riga aka yi wa alkawari, Huntington kuma bai yafe ba. A majalisa bai bar wata doka ta a zo a gani ba. Abin mamaki, ya riƙa kawo ƙudurin a taimaki ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, da na gwamnati ta ranta wa manoma kuɗi a ruwan kashi 2 cikin 100 da jinginar gona, duk suka mutu a kwamiti. A 1887 da hukumar binciken da majalisar tarayya ta kafa ta tambaye shi ko an kashe kuɗin kamfani wajen sayen 'yan majalisa, ya ƙi amsawa, har yana cewa gwamnati ce ma kamfani ke bi bashi. Aka kai maganar kotu, Field ya yanke cewa ba za a tilasta shi ba. Wanda ya iya da shi Huntington ne: a 1890 ya tumɓuke shi daga shugabancin Southern Pacific, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa daga yau ba za a sake zura hannu a asusun kamfani don siyasar wani ba. Mai faɗin haka shi ne wanda aka karanta wasiƙunsa a kotu a 1883 yana lissafa abin da 'yan majalisa ke ci masa.

Abin da Stanford ke so da zuciyarsa doki ne. A gonarsa ta Palo Alto, wadda ta kai sama da eka 8,000, yana kiwon dawakin tsere. Yana son ya san ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya in yana gudu, sai ya ɗauki mai hoto Eadweard Muybridge, wanda a 1878 ya jera kyamarori 12, doki na wucewa suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hotunan sun nuna akwai, suna kuma cikin tushen fim. Daga baya aka buga littafin aikin ba a ba Muybridge haƙƙinsa ba, ya kai ƙara ya faɗi.

Sai bayan shekara 18 da aure suka sami ɗa, a 1868, shi kaɗai. Suna yawo a Turai taifot ya kama yaron, ya rasu a Florence ta Italiya ranar 13 ga Maris 1884, bai cika 16 ba. Sunansa jami'ar take ɗauke da shi, Leland Stanford ƙarami, ba na uban ba. Suka rattaba takardar kafa ta a 1885, aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1891 a filin gonar dawakin, da ɗalibai sama da 500, maza da mata, ba ta wata ɗariƙa ba, ba kuɗin makaranta. Herbert Hoover, wanda ya zama shugaban ƙasa, yana cikin 'yan ajin farko. Takardar ta hana sayar da filin, shi ya sa a shekarun 1950 jami'ar ta shiga ba kamfanonin lantarki haya, abin da ya taimaka wajen tsirowar Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka.

Ni dai a ganina, in ana zancen wanda ya tsayar da jami'ar, Jane ya kamata a fara ambata. Stanford ya mutu ranar 21 ga Yuni 1893 yana da shekara 69, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ya bar dukiya mai yawa a takarda da bashi mai yawa a zahiri. A 1894 gwamnatin tarayya ta kai magadansa ƙara tana neman dala miliyan 15, kasonsa na bashin Central Pacific, aka rufe dukiyar. Aka ba ta shawara ta rufe makarantar, ta ƙi. Alƙalin gado ya yanka mata dala 10,000 a wata na hidimar gida, ya kuma yarda a lissafa malaman jami'a cikin ma'aikatan gidanta, ta rage nata barorin ta riƙa biyansu da kuɗin. Ta kwashi kayan adonta zuwa Landan a 1897 ba ta sami mai saye da daraja ba. Mace ce mai iko da yawa, a 1900 ta sa aka kori malamin da ba ta son kalamansa na siyasa, Edward Ross, wasu malamai suka ajiye aiki saboda haka. Ta mutu a Honolulu a 1905, masu binciken gawa na can suka ce guba aka sa mata, shugaban jami'ar David Starr Jordan ya dage ciwon zuciya ne, ba a kuma gurfanar da kowa ba.

Ƙarar gwamnati ta faɗi a Kotun Ƙoli a watan Maris 1896, bisa hujjar cewa dokar 1862 ba ta ɗora bashin a wuyan masu hannun jari ɗaya-ɗaya ba, a wuyan kamfani ta ɗora shi. Rancen asali kusan dala miliyan 26 ne na Central Pacific, da kuɗin ruwa da na wani ƙaramin layi da ya haɗiye ya kai miliyan 58.8. Huntington ya yi ta neman majalisa ta ɗaga biyan zuwa shekaru masu yawa a ƙaramin ruwa, majalisar wakilai ta ƙi a 1897. A 1899 aka daidaita a biya a rarrabe sau 20 cikin shekara 10, daga abin da manoma da 'yan kasuwa ke biya na dako. An gama biya a 1909, lokacin kamfanin yana hannun Edward Harriman, su huɗun kuma duk sun mutu.